Ba Kowace Tafiya Ke Buɗe Basira Ba

A bayan takardar naira 20 akwai hoton wata mata sunkuye a kan tukunya tana aikinta. Sunanta Ladi Kwali. Takardar ta bi ta hannun miliyoyin mutane, wajen mai ƙosai da mai ruwan leda, amma kaɗan ne suka san cewa tukwanen wannan baiwar Allah suna ajiye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka, kuma sun kai can ne ta dalilin wasu tafiye-tafiye da suka faro tun daga Japan.

An haifi Ladi wajen 1925 a garin Kwali, a ƙasar Gbagyi, kuma a hannun wata 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane. Ginin gargajiya ne, ba na'ura. Za a murza yumɓu dogo-dogo a riƙa ɗorawa, maginiya tana zagaya tukunyar da ƙafa tana jan bangonta sama da hannu har randa ta tashi. Kafin ta bushe sai a zana mata ado: ƙadangare, kunama, kada, kifi, tsuntsu. Daga nan a tara tukwanen a fili, a lulluɓe su da itace da ciyawa, a cinna wuta. Hannun Ladi ya yi fice har Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a gidansa. Abujar da ake nufi ita ce Suleja ta yau. A gidan Sarkin ne wani Bature mai suna Michael Cardew ya gan su a 1950.

Shi Cardew maginin tukwane ne daga Ingila, almajirin wani gwani da ake kira Bernard Leach. Leach kuwa a Japan ya koyi sana'ar, inda ya je a 1909, sannan a 1920 ya koma gida tare da abokinsa Shoji Hamada suka kafa wurin ginin tukwane a wani ƙaramin garin masunta mai suna St Ives. Cardew ya koyi aiki a nan, ya yi nasa suna, sai a 1942 ya tafi Gwalkwas, wato Ghana ta yau, ya yi shekaru yana fama da yumɓun da bai sani ba da tanderun da ya ƙi ba shi abin da yake so. Ya sha asara, ya sha ciwo. Bayan duk wannan ne gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi aiki a Najeriya, ya zaga ƙasar yana duba yumɓu, ya zaɓi Abuja ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane. A 1954 Ladi ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko.

Abin da ya faru a wannan wuri shi ne ya fi jan hankalina. Ladi ta koyi juya yumɓu a kan faifai, ta koyi shafa ruwan ƙyalli, ta koyi gashi a rufaffen tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Da ta ga dama da ta tsaya a yin kofuna da farantai irin na Turawa, an yaba mata, an manta da ita. Sai ta ɗauki randar Gbagyi, ta gina ta da hannu kamar yadda aka koya mata tun tana yarinya, ta zana ƙadangarunta, sannan ta shafe ta da ruwan ƙyalli ta tura cikin tanderun Cardew. Abin da ya fito ba a taɓa ganin irinsa a Kwali ba, ba a taɓa ganinsa a Ingila ba. An baje kolin aikin cibiyar a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ita da kanta ta je Ingila a 1962 ta gina randa a gaban malamai da ɗaliban fasaha, ta zaga Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Shi ma Cardew bai koma gida yadda ya zo ba. Tukwanen miya masu murfi da ya riƙa yi bayan nan siffar tukwanen Gbagyi ce a jikinsu, kuma shi da kansa da sunan Gwari yake kiran su.

To, me ke cikin tafiya da ke haifar da irin wannan? Mu Hausawa muna da amsa a baki, tafiya mabuɗin ilimi. Karin maganar gaskiya ce, sai dai ta yi faɗi da yawa. In da kowace tafiya tana buɗe basira, da direbobin manyan motoci da ma'aikatan jirgin sama sun fi kowa ƙirƙira a duniya.

Wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, William Maddux da Adam Galinsky, sun bi diddigin wannan tambaya, suka wallafa sakamakon a 2009. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajensu tsohon wasan ƙwaƙwalwa ne. Ga kyandir, ga ashana, ga ɗan kwali cike da ƙananan ƙusoshi. Ana so ka maƙala kyandir ɗin a bango yadda zai ci wuta ba tare da narkakkensa ya ɗiga ƙasa ba. Yawancin mutane ƙoƙarin kafe kyandir ɗin da ƙusa suke yi, ko su narka gefensa su manna. Amsar ita ce a juye ƙusoshin, a kafe kwalin a bango, a tsayar da kyandir a ciki. Abin da ke hana mutum ganin wannan shi ne idonsa ya riga ya yanke cewa kwali mazubin ƙusa ne, ba ya da wani aiki. Da suka gwada ɗaliban kasuwanci, sai suka ga waɗanda suka fi daɗewa da zama a ƙasar waje sun fi gano amsar. Waɗanda suka yi yawon buɗe ido kuwa, komai yawan kwanakin da suka yi, ba a ga wani bambanci a tare da su ba.

Sun sake gwadawa da ciniki. Mai gidan mai yana son sayarwa, amma mafi ƙarancin kuɗin da zai sallama ya fi mafi yawan abin da mai saye zai iya biya. A ido ciniki ya mutu. Sai dai mai sayarwar doguwar tafiya zai yi, kuma yana buƙatar aiki in ya dawo, shi kuma mai sayen yana neman wanda ya san harkar da zai riƙe masa wurin. Wanda ya tono wannan zai ƙulla cinikin a kan farashi mai sauƙi da alkawarin aiki. Nan ma waɗanda suka zauna a waje suka fi ganowa. Da masanan suka matsa bincike, sai suka ga ba yawan shekarun ne kaɗai ke aiki ba, abin da ke aiki shi ne yadda mutum ya saje da mutanen wurin, ya sauya wasu halayensa don ya iya zama da su. A 2015 su biyun da wasu abokan aikinsu suka duba manyan gidajen ɗinkin zamani 270 na duniya, tsawon shekara 11, suna auna shugabannin zanen kaya. Waɗanda suka yi aiki na shekaru a wata ƙasa su aka fi yaba wa da sabon salo. Yawan ƙasashen da mutum ya taka yana da amfani zuwa wani mataki, daga nan sai amfanin ya fara raguwa. Haka ma nisan al'ada: in wurin ya yi kama da gida sosai ba abin da zai girgiza ka, in ya yi nisa ƙwarai ba ka da igiyar da za ka kama ka fahimce shi.

Ana iya cewa ai mai basira ne tun asali ke da ƙarfin halin barin gida, don haka ba tafiyar ce ta ba shi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma bai kamata a ɗauki binciken da aka yi a kan ɗaliban manyan makarantun Amurka da Faransa a ce ya gama magana a kan dukkan 'yan Adam ba. Amma ni abin da ya gamsar da ni shi ne sakamakon ya dace da abin da tarihi ya riga ya nuna mana, tun kafin a san wani abu wai shi gwajin kyandir.

Ɗauki Imamu Shafi'i. An haife shi a Gaza a shekara ta 767, ya tashi a Makka, ya yi karatu a gaban Imamu Malik a Madina, ya yi aiki a Yaman, ya zauna a Bagadaza yana ɗaukar karatu da muhawara da Muhammad bin Hasan Shaibani, almajirin Imamu Abu Hanifa. A wancan zamani Madina da Iraƙi hanyoyi biyu ne na fahimtar fiƙihu, kowanne yana ganin gazawar ɗaya. Mutanen Madina sun riƙe hadisi da aikin mutanen garinsu, mutanen Iraƙi sun yi zurfi a kiyasi da nazari. Shafi'i bai leƙa Iraƙi ya dawo yana ba da labarin ɓatansu ba. Ya zauna ya koyi hanyarsu daga ciki har ya iya ta. Daga haɗa biyun nan ne ya shimfiɗa ƙa'idojin usulul fiƙihi da har yau ake karantawa a zaurukanmu. Da ya koma Masar a ƙarshen rayuwarsa, inda ya rasu a 820, ya sake duba fatawoyi da dama da ya bayar a Iraƙi, shi ya sa ɗalibai ke cewa tsohuwar magana da sabuwar magana. Malamai sun yi saɓani a kan ko sababbin hujjoji ne ya samu a Masar ko yanayin mutanen ne ya sa, amma ba wanda ya musa cewa sauyin ya biyo bayan ƙaura.

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Yawanci ana faɗin haka ne don a tausaya wa baƙo, amma a ganina a cikin wannan makanta amfanin yake. Mutum a garinsu ba ya tunani a kan yawancin abin da yake yi. Ya san yadda ake gaisuwa, ya san inda ake tsayawa a taya kaya, ya san wanda ake durƙusa wa. Ranar da ya sauka inda ba a yin ko ɗaya yadda ya saba, dole ya koma ɗan koyo. Zai yi kuskure a yi masa dariya, zai tambayi abin da yaron gari ya sani. A hankali sai ya gane cewa abin da ya ɗauka haka Allah Ya yi shi, ashe zaɓi ne da kakanninsa suka yi, kuma akwai wata hanyar. Wanda ya taɓa ganin haka sau ɗaya a kan gaisuwa ko girki, idonsa zai fara tambayar kwalin ƙusa ko yana da wani aikin. Ɗan yawon buɗe ido ba ya samun wannan, domin an tsara tafiyarsa ne yadda ba zai taɓa makancewa ba: mota na jiransa, mai fassara na gefe, otal ɗin irin wanda ya sani ne.

Akwai kuma wani abu da nisa ke yi wanda ba a cika magana a kansa ba, wato nuna wa mutum gidansu. Misalin da na fi so a nan shi ne Alhaji Umaru na Salaga. An haife shi a Kano wajen 1858, asalin gidansu Kabi. Mahaifinsa bafatake ne mai bin hanyar Gwanja, hanyar da ayari ke shafe watanni da jakuna, a kai kanwa da tufafi da fatu a dawo da goro. Umaru ya yi karatu mai zurfi a ƙasar Hausa, ya bi wannan hanya, ya zauna a Salaga. Yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, daga bisani ya koma Kete-Krachi, wadda a lokacin take hannun Jamusawa, ya zama limami, a can ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan abubuwan da malaman zamaninsa ba su cika taɓawa ba: zuwan Nasara, talauci da yadda ake wulaƙanta talaka, har da annobar murar 1918.

Amma babban abin da ya bari shi ne rubutun zube da ajami. Wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda ke nazarin Hausa, ya riƙa tambayarsa yadda ƙasar Hausa take. Sai Umaru ya zauna ya rubuta: yadda ake noma, yadda ake rini da saƙa da jima, yadda ake aure da suna, yadda bauta take, tarihin garuruwa da sarakunansu. Malamin da ke zaune a Madabo ko Gwandu a lokacin ba zai ɓata tawadarsa a kan yadda ake rini ba, don kowa ya sani, ga karofi nan a bayan gida. Sai wanda ya yi nisa, yana zaune cikin Gwanjawa da Asantawa da Jamusawa, ana tambayarsa abin da bai taɓa tambayar kansa ba, shi ne zai ga cewa wannan ma ilimi ne. Yau masu binciken tarihin ƙasar Hausa ta ƙarni na 19 suna komawa ga abin da ya rubuta a gaɓar kogin Volta. Irin wannan ne ya sami Fela Kuti. Ya yi karatun kiɗa a Landan ya dawo yana kiɗa mai kama da na Turawa da na Ghana, sai zaman watanni da ya yi a Los Angeles a 1969, cikin baƙar fatar Amurka masu neman tushensu, shi ya juyo da fuskarsa gida ya fito da salon da duniya ta san shi da shi.

Ba sai malamai da mawaƙa ba. Mafi yawan ƙirƙirar da tafiya ta haifar ba a san sunan masu ita ba, domin a bakin murhu aka yi ta. Gurasa ana danganta ta da Larabawan da suka zauna a Kano, kuma har yau a jikin tanderu ake manna ta a unguwanni irin su Jakara. Amma dubi abin da Bakano ya yi da ita. Mai bandashe zai tsoma gurasar a ruwa ta yi laushi, ya shimfiɗa ta a faranti, ya barbaɗe ta da dakakken ƙuli-ƙuli da yaji, ya zuba man gyaɗa, ya yanka albasa da tumatir a kai. Balaraben da ya kawo gurasa bai san wannan ba. Haka mutanenmu da suka zauna a zangunan Ghana: shinkafa da wake da aka dafa da jan ganyen dawa ta zama abincin safe na Kumasi da Ankara, kokon Hausawa ya zama na kowa. A Sudan, inda alhazan ƙafa suka yada zango suna noman auduga a Jazira don tara guzirin ƙetare teku, agashe ya shiga titunan Khartum. Duk waɗannan mutane ne da suka je da sana'a a hannu, suka tarar da kayan haɗi daban da bakin masu saye daban, dole ta sa suka sauya.

Wannan sharaɗi na zuwa da sana'a a hannu shi ne nake ganin an fi mantawa da shi. Ladi Kwali ta shiga cibiyar Cardew tana gwanar randa. Shafi'i ya isa Bagadaza da karatun Madina a kansa. Ƙirƙira haɗa abu biyu ce, wanda ya je hannu rabbana ba shi da na farkon, don haka abin da ya gani kawai zai kwaso ya dawo yana kwaikwayo.

A nan ne nake jin ciwon halin da muke ciki. Ba a taɓa yin zamanin da Bahaushe ke fita waje kamar yanzu ba. Kujerun aikin hajji da Saudiyya ta ware wa Najeriya a 2023 sun kai 95,000, ban da masu umara. 'Yan kasuwarmu sun san Dubai da Guangzhou da Istanbul kamar tafin hannunsu. Ɗalibanmu na Alƙahira da Indiya da Malesiya. Ban sa hajji a wannan ma'auni ba, ibada ce, kuma wanda ya je don Allah ya sami abin da ya je nema. Sai dai ko a nan akwai bambanci da ya kamata a lura da shi: alhajin da, wanda ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, yakan yi shekaru a hanya, ya koyi Larabcin kasuwa, ya yi ƙodago, ya zauna gaban malamai a garuruwa daban-daban. Na yau sa'o'i kaɗan ne a jirgi, masauki tare da 'yan jiharsu, abinci irin na gida. Sauƙi ne da ya kamata a gode wa Allah a kansa, amma makarantar da ke cikin waccan hanya ta rufe, kuma ba mu buɗe wata a madadinta ba.

Tafiyar kasuwa ita ce ta fi damuna. Atamfar da muke taƙama da ita 'yar tafiya ce. Asalinta rinin kakin zuma ne na mutanen tsibirin Jawa a Indonesiya, wanda ake zanawa da hannu. Mutanen Holan da suka mallake su suka ƙera injin da zai kwaikwayi aikin, kasuwar Jawa ba ta karɓa sosai ba, sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka juyo da kayan Afirka ta Yamma, matanmu suka karɓa suka raɗa wa kowane zane suna. Daga baya muka fara yi da kanmu. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu 'yan Hong Kong suka kafa tasu a garin a shekarun 1960, Kano ma ta cika da masaƙu. Rashin wuta da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwauri suka durƙusar da su, manyan na Kaduna suka rufe tsakanin 2002 da 2007. Ba ɗan kasuwa ne ya kashe su shi kaɗai ba, kuma ba na zargin wanda ke neman halalinsa. Amma yau ɗan Kantin Kwari zai ɗauki samfurin zane ya kai Chaina, a buga masa kwantena, ya dawo. Zai yi wannan shekara goma, bai taɓa neman a shigar da shi inda injin yake ya ga yadda ake haɗa launi ba, bai koyi jimla goma ta harshen masu masana'antar ba. Su kuwa sun zo Kano sun zauna, wasunsu sun iya Hausa har da karin magana, sun san launin da amarya ke so da wanda ake ɗinkawa da salla.

Kwatanta da abin da mutanen Toyota suka yi. A 1950 Eiji Toyoda ya je Amurka ya yi makonni a babbar masana'antar Ford da ke kusa da Detroit. Ford na fitar da dubban motoci a rana, Toyota 'yan gommai. Ya duba ya gane cewa ba su da kuɗin tara kayan gyara jibgi-jibgi a rumbu kamar yadda Ford ke yi, kuma kasuwar Japan ba za ta shanye mota iri ɗaya da yawa haka ba. Injiniyansu Taiichi Ohno sai ya ɗauko dabara daga inda ba wanda ya zata, wato manyan kantunan sayar da abinci na Amurka, waɗanda ya ji labarinsu sannan ya gani da idonsa a 1956. A can mai saye ke ɗaukar abin da yake so daga kanta, ma'aikaci ya mayar da gurbin abin da aka ɗauka kaɗai. Ohno ya mayar da masana'anta haka: kowane sashe ya karɓi iya abin da yake buƙata daga na bayansa, na bayan ya ƙera iya abin da aka ɗauka. Wannan tsari daga baya Amurkawan da kansu suka riƙa zuwa Japan koyonsa. Sun je da matsala a ransu, shi ya sa kantin sayar da madara da burodi ya ba su amsa.

Kada a ɗauka abin duk riba ne. Randar Ladi Kwali da aka gasa a tanderu aka shafe da ruwan ƙyalli ta yi kyau, amma ta daina aikin randa. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na tsatsafo, iska na busawa. Wadda aka toshe jikinta ba ta tsatsafo, ga nauyi, ga tsadar da matar ƙauye ba za ta iya ba. Ta tashi daga ɗakin girki ta koma ɗakin baje koli. Ban ce hakan laifi ne ba, amma duk mai kawo sabon abu daga waje ya kamata ya tambayi kansa wa zai amfana da wa za a bari a baya. Sannan akwai dubban 'yan'uwanmu da suka daɗe a waje fiye da kowane ɗalibi, masu aikatau a Jidda ba takarda, da waɗanda suka bi ta Agadas zuwa Libiya. Sun iya harshe, sun saje, sun ga abin da ba mu gani ba. Amma wanda ke kwana da fargabar kamu ba shi da sukunin zama ya haɗa wannan da wancan, kuma in ya dawo ba mai tambayarsa abin da ya koyo. Zurfin zama yana buƙatar kwanciyar hankali, yana kuma buƙatar wurin da mutum zai dawo ya gwada abin da ya gani.

Gwamnatocin jihohinmu sun tura ɗaruruwan matasa waje karatun likita da injiniya da tuƙin jirgi, kuma an ga amfanin hakan. Abin da ban gani ba shi ne a tura masu sana'ar hannu. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana cikin mafi kyau a duniya. Ƙarnuka ana ƙetare Sahara da ita, Turawa na saye a tashoshin Arewacin Afirka suna danganta ta da Maroko. Har yau mafi yawan fatunmu rabin gyara ake yi musu a tura Italiya da Sifaniya, a can a mayar da su jaka da takalmi masu tsada. Ga majema da dukawa a Ƙofar Wambai da suka gaji aikin iyaye da kakanni, ga cibiyar fasahar fata a Samarun Zariya. Birnin Fas na Maroko yana da majemar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana aiki, da masu ɗinkin fata da ke sayar wa duniya, kuma ƙasar Musulmi ce da Bahaushe zai iya zama cikinta ba tare da ya ɓace ba, amma ta bambanta da gida yadda zai ga sabon abu kullum. Da za a zaɓi matasan dukawa waɗanda hannunsu ya riga ya faɗa, a tura su can ko garuruwan fata na Italiya shekara biyu, da sharaɗin su koyi harshe su yi aiki a ƙarƙashin ubangida kamar kowane ɗan koyo, sannan a tanadar musu rumfa mai wuta da keken ɗinkin fata kafin su dawo. Ƙungiyar 'yan kasuwar fata ta Kano kaɗai za ta iya ɗaukar nauyin rukunin farko ba tare da ta jira gwamnati ba.